Uwa da 'Ya'yanta a Cikin Kalmomin Turanci

Daga Sashen Koyar da Turanci

A zango na biyu na wannan shekara mun ba 'yan aji biyar wata gajeriyar jumla su juya zuwa Turanci. Jumlar ita ce: Na gamu da kawuna a Ƙofar 'Yandaka. Da muka karɓi littattafai, sai muka tarar da dama sun rubuta "Yandaka door". Amma wajen kawu ba wanda ya yi tuntuɓe, kowa ya sa "uncle". Kashegari muka rubuta jumlar Turancin a allo bayan an gyara ta, muka ce wa wani aji dabam su mayar da ita Hausa. Nan kuma ƙofa ba ta ba kowa wahala ba, sai gardama ta kaure a kan "uncle". Waɗansu suka ce kawu ne, waɗansu suka ce baffa ne, kowa kuwa da gaskiyarsa.

Jumla ɗaya ke nan ta nuna mana abu biyu. Inda Hausa ta wadatu da kalma guda, watau ƙofa, Turanci ya raba ta biyu, "door" da "gate". Inda kuma Hausa ta bambanta kawu da baffa, Turanci ya haɗe su cikin kalma guda. An fi shekara ɗari ana koyar da Turanci a wannan gari, tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta, amma har yau wannan rami yana kayar da yaranmu. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayaninsa a wannan mujalla, domin ɗalibai da iyaye da 'yan'uwanmu malamai.

Uwa, 'ya'ya da jikoki

Kalmomin harshe ba a warwatse suke ba kamar an zubar da gero a ƙasa. Gida-gida suke zaune. Akwai kalma mai faɗin ma'ana wadda ta tattara abubuwa da yawa, za mu kira ta uwa. Akwai kuma kalmomi masu keɓaɓɓiyar ma'ana waɗanda suke ƙarƙashinta, su ne 'ya'yanta. Masana suna kiran uwar "hypernym" ko "superordinate", ɗan kuwa "hyponym". Daga harshen Girka aka samo biyu daga cikinsu: "hyper" na nufin sama, "hypo" na nufin ƙasa. Ba lalle ne ɗalibi ya haddace waɗannan sunaye ba, amma tilas ya gane abin da suke nufi.

Bari mu ɗauki doki, tun da Katsina garin dawaki ne. Kalmar "horse" uwa ce. 'Ya'yanta su ne "stallion", watau ingarma, da "mare", watau goɗiya, da "gelding", dokin da aka dandaƙe, da "foal", ɗan da ba a daɗe da haihuwarsa ba. Matashin doki namiji "colt" ne, macen kuwa "filly". Ita kanta "horse" tana da uwa, wadda ake ce wa "mammal", dabba mai shayar da 'ya'yanta nono, sama da ita kuma akwai kaka, "animal". Ashe kalma takan zama uwa ga na ƙasa da ita, ta kuma zama 'ya ga na sama da ita, kamar yadda mace take uwa a ɗakinta alhali 'ya ce a gidan iyayenta.

Akwai ƙa'idodi uku da ya kamata a riƙe.

Na farko, dangantakar hanya ɗaya take bi. Kowace "mare" "horse" ce, amma ba kowane "horse" ne "mare" ba. Wanda ya ce ya sayi goɗiya, mun tabbata ya sayi doki. Wanda ya ce ya sayi doki, ba mu san ko wane iri ba ne sai mun tambaya.

Na biyu, 'yan uwa ɗaya ba sa maye gurbin juna. "Stallion" da "mare" uwarsu ɗaya, amma wanda ya aika a sayo masa ingarma aka kawo goɗiya ba zai yarda a ce masa duk kanwar ja ce ba. Kama da wane ba ta wane.

Na uku, idan aka kore uwa, an kore 'ya'yanta gaba ɗaya. Idan aka kafa allo a ƙofar makaranta aka rubuta "No vehicles", to an hana mota da bas da tifa da babur har da keke, gama dukansu 'ya'yan "vehicle" ne. Idan kuwa "No lorries" aka rubuta, mai keke ya shige abinsa ba laifi.

A nan sai mu ja kunnen ɗalibai a kan wani kuskure. Ba duk abin da ya danganci doki ne ɗan "horse" ba. "Hoof", kofato, da "mane", geza, sassan jikin doki ne, ba irin doki ba ne. Haka "wheel" ba irin "vehicle" ba ce, ɓangarenta ce. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a sa kalmomin biyu cikin jumla da "is a kind of" a tsakani. Idan aka ce "a mare is a kind of horse", magana ta zauna. Idan aka ce "a hoof is a kind of horse", ko ɗan aji ɗaya zai yi dariya. Duk inda wannan jumla ta ƙi zama, to ba uwa da ɗa ba ne.

Inda gidan Turanci ya saɓa da na Hausa

Yawancin wahalar ɗalibanmu daga nan take. Yaro yakan ɗauka kowace kalmar Hausa tana da abokiya guda a Turanci, daidai wa daida. Ba haka abin yake ba. Kowane harshe da yadda ya yanka gonarsa.

Mu koma ga ƙofa. A Hausa ƙofar ɗaki ƙofa ce, ƙofar gida ƙofa ce, ta gari ma haka, har hanci yana da tasa. A Turanci, wadda take jikin ɗaki ko gini ko mota ita ce "door". Wadda take jikin katanga ko shinge ko ganuwa ita ce "gate". Don haka Ƙofar 'Yandaka, wadda ta nan ne Lugga ya shigo Katsina a 1903, da 'yan uwanta irin su Ƙaura da Guga da Sauri da Durɓi da Marusa, dukansu "gates" ne, ko da ganuwar ta zube. Ta hanci kuwa "nostril" ce. Wani abin lura kuma, "door" ta fi kusa da abin da muke kira ƙyaure, watau abin da ake turawa a rufe, sararin da ake bi a wuce kuwa "doorway" ne. In ana son kalmar da za ta tattara wuraren shiga duka, sai a ce "entrance".

Babbar uwa a Hausa ita ce kaya. Muna da kayan ɗaki, kayan aiki, kayan sawa, kayan miya, kayan tafiya, kayan rubutu, kayan marmari. Dabarar Hausa ita ce ta riƙe uwar, ta ɗaura mata wata kalma a baya, sai ɗa ya fito. Turanci kuwa sau da yawa sabuwar kalma yake ba kowane ɗa, wadda ba ta yi kama da 'yar uwarta ba: "furniture", "tools", "clothes", "ingredients", "luggage", "stationery", "fruit". Ɗalibin da ya san "load" kaɗai zai rubuta cewa an kai "load" ɗin amarya ɗakinta, mai karatu ya ɗauka buhunan hatsi aka jibge mata.

Haka yake ga nama. Mu sai mu ce naman sa, naman tunkiya, naman alade, naman barewa. Turanci yana da uwa, "meat", amma 'ya'yanta su ne "beef", "mutton", "pork", "veal" da "venison", ba ɗaya da ta yi kama da sunan dabbar. Dalilin yana cikin tarihi. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na masu hali har tsawon ƙarnuka. Sunayen dabbobin, irin su "cow" da "sheep" da "calf", suka tsaya a Turancinsu na asali, sunayen naman kuwa aka aro su daga Faransanci.

Wani lokaci kuma Hausa ce take da 'ya'ya da yawa, Turanci ya tsaya a kan uwa. "Uncle" ta haɗa kawu da baffa, "aunt" ta haɗa gwaggo da inna, "brother" ta haɗa wa da ƙane, "sister" ta haɗa ya da ƙanwa. Bature in yana son bambancewa sai ya ƙara kalma, ya ce "elder brother" ko "maternal uncle". A nan shi ne yake bin dabarar da muke bi wajen kaya. Haka kuma "break". Mu muna fasa tulu, mu karya sanda, igiya kuwa tsinkewa take yi, ba ma da kalma guda da ta haɗa ukun. Turanci yana iya sa "break" a dukansu. "Carry" ma ta ɗauke goyo da saɓawa a kafaɗa da ɗauka a ka.

Kafin mu bar wannan sashe, ga wata ƙa'ida da take cinye makin yara kowace shekara. Da yawa daga cikin iyayen kalmomi a Turanci ba a ƙirga su, ba sa karɓar "s" na jam'i, ba a kuma sa musu "a" a gaba. Daga cikinsu akwai "furniture", "luggage", "equipment", "stationery", "cutlery", "clothing" da "livestock". 'Ya'yansu ake ƙirgawa. Ana cewa "three chairs", ba a cewa "three furnitures". In tilas ne a ƙirga uwar, sai a ce "three pieces of furniture".

Ma'ana takan tsuke, takan kuma faɗaɗa

Matsayin kalma a gidansu ba dawwamamme ba ne. Uwa takan sauko ta zama 'ya, 'ya kuma ta hau ta zama uwa. A tsohon Turanci, kalmar da ta zama "deer" tana nufin kowace irin dabba, yau kuwa wata dabbar daji guda mai kama da barewa take nufi. 'Yar uwarta a Jamusanci, "Tier", har yanzu dabba take nufi. "Hound" a da kowane kare ne, yanzu karen farauta ne kaɗai. "Meat" a da abinci ne kowane iri. A ɗaya hannun, "bird" a da ɗan tsuntsu take nufi, "fowl" ce uwar tsuntsaye. Yau "bird" ta hau gadon, "fowl" ta koma ga kaji da danginsu.

Masu karanta tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda aka buga a 1611, za su amfana da wannan. A can sau da yawa "meat" abinci take nufi, ba nama ba. Haka kuma "corn" ɗin da Yusufu ya tara a Masar ba masara ba ce, gama masara daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta iso wannan ɓangare na duniya ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. A Ingila "corn" hatsi take nufi, musamman alkama, a Amurka ne ta tsuke ta zama masara kaɗai. Sauran tsohuwar ma'anar yana nan a sunan da muke kiran dawa da shi, "guinea corn". Mu ma muna da irin wannan. Hatsi a wurinmu uwa ce ga gero da dawa da maiwa, amma wanda ya haura Maraɗi ya tambayi hatsi a kasuwa, gero za a auna masa.

Turancin da muke yi a Nijeriya ma ya tsuke waɗansu kalmomi. "Machine" uwa ce babba, ta haɗa keken ɗinki da injin niƙa da na buga takardu, amma a bakin titi in an ce mashin, babur ake nufi. "Minerals" ma'adinai ne irin su kuza da gishiri, mu kuwa mun mai da ita lemon kwalba. Akwai kuma sunayen da suka hau sama. Omo sunan haja guda ne, amma a kanti kowane garin sabulu omo ne, kowane ɗunƙulen miya kuma Maggi ne. Biro sunan mutum ne, Laszlo Biro, ɗan jarida daga ƙasar Hangari, wanda ya yi rajistar irin wannan alƙalami a 1938. Waɗannan ba laifi ba ne a hira da ciniki. Amma a takardar jarrabawa sai a rubuta "motorcycle", "soft drinks", "detergent" da "seasoning cube".

Abin da wannan zai yi mana a ɗakin jarrabawa

Kowa ya sani ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko a WAEC ko a NECO. Mun sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ci lissafi da kimiyya, Turanci ya zaunar da shi gida shekara guda. Sanin uwa da ɗa yana taimako a wuri huɗu.

1. Wajen fahimtar labari. Marubucin Turanci ba ya son maimaita kalma. Zai ce "a lorry" ta kife a hanya, a jumla ta gaba ya ce "the vehicle" tana ɗauke da albasa. Mota ɗaya ce, ya kira ta da sunan uwarta. Ɗalibin da bai gane haka ba zai ƙirga motoci biyu, amsarsa duka ta karkace.

2. Wajen maye kalma. Akan ba da kalma daga cikin labari a ce a kawo wadda za ta zauna a gurbinta. Idan kalmar "staggered" ce, watau ya yi tangaɗi, aka rubuta "walked", an kawo uwa a maimakon ɗa, an zubar da rabin ma'anar. Idan aka rubuta "marched", an kawo ɗan uwa wanda halinsu ba ɗaya ba. Abin da ake nema shi ne tagwai, kamar "reeled" ko "tottered".

3. Wajen taƙaitawa. A nan hawa sama ake yi. Idan labari ya ce manomi ya yi asarar shanu da tumaki da awaki da raƙuma, amsar ita ce ya yi asarar "livestock". Idan an jera zazzaɓin cizon sauro da kwalara da ƙyanda, sai a ce "diseases". Wanda ya kwafe jerin duka bai taƙaita kome ba. Amma kada a hau fiye da kima. Wanda ya ce manomin ya yi asarar "things" ya wuce gona da iri, gama har takalminsa yana cikin "things". A nemi uwa mafi kusa wadda ta tattara abubuwan da aka jera, ba ta kuma kwaso baƙi ba.

4. Wajen rubuta insha'i. A nan kuma saukowa ake yi. Yaro zai rubuta cewa wani mutum ya tafi wani wuri ya sayi wani abu, mai dubawa ya karanta bai ga kome a zuciyarsa ba. A Hausa ba ma yin haka. Mun san bambancin tafiya da sanɗa da ɗingishi da taƙama da sassarfa, mun san duba da leƙe da harara da ƙura ido. Turanci ma yana da nasa. Ƙarƙashin "walk" akwai "tiptoe", "limp", "strut", "stroll" da "stride". Ƙarƙashin "look" akwai "peep", "glare", "stare" da "glance". Ƙarƙashin "cook" akwai "boil", "fry", "roast", "bake" da "steam". Wanda ya rubuta cewa tsohuwa ta yi "limp" zuwa rijiya ya gaya mana abu biyu da kalma ɗaya: ta tafi, ƙafarta kuma tana ciwo.

Wannan sani bai tsaya ga darasin Turanci ba. Duk malamin da ya ce a ba da ma'anar wani abu, ko a kimiyya ko a labarin ƙasa, uwa da ɗa yake nema. Ma'ana mai kyau takan fara da sunan uwa, sa'an nan ta faɗi abin da ya raba wannan ɗa da 'yan uwansa. "Thermometer" na'ura ce, ga uwa ke nan, wadda ake auna zafi da ita, ga bambanci. Ku buɗe kowane ƙamus, za ku ga haka aka gina yawancin bayanansa.

Yadda za mu horar da kanmu

Magabata sun yi mana aiki mai yawa. A 1852 wani likita a Ingila, Peter Mark Roget, ya buga littafin da ake kira "Thesaurus". Bai jera kalmomi bisa abacada ba, sai ya kasa su gida-gida bisa ma'ana, manyan rukunai 6 da kanun magana 1,000. A 1985 masana a Jami'ar Princeton ta Amurka, ƙarƙashin George Miller, suka fara shirya WordNet, inda aka sa kalmomin Turanci cikin kwamfuta, aka nuna uwar kowace da 'ya'yanta. A ɓangarenmu akwai ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, wanda yakan tara kalmomin Hausa masu makusanciyar ma'ana ƙarƙashin kalma guda, da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990. Shawararmu ita ce, wanda ya duba kalma a ƙamus mai harshe biyu, ko na takarda ko na cikin waya, kada ya tsaya nan. Ya koma ga ƙamus na Turanci zalla ya ga iyakar kalmar. Mai harshe biyu zai ce ƙofa "door" ce ko "gate", na Turanci zalla ne zai nuna wadda take jikin ganuwa.

Duk sabuwar kalmar da kuka tsinta, ku yi mata tambaya uku. Wace ce uwarta? Su wane ne 'yan uwanta, me kuma ya raba ta da su? Tana da 'ya'ya? Wanda ya saba da haka zai ga kalma ɗaya ta jawo masa biyar ko shida, kuma ba sa saurin ɓacewa, domin kowace tana riƙe da 'yar uwarta.

Ga aikin hutu, ba na maki ba ne. Kowa ya sami littafi ya zauna inda ba zai tare hanya ba, ko kusa da Ƙofar 'Yandaka ko a ƙofar gidansu, na rabin sa'a. Ya rubuta duk abin da ya wuce da Hausa: tifa, babur, amalanke, jaki, mai tallar fura, mai gyaran takalmi, buhun gero, damin rake. In ya koma gida ya nemi sunan kowane da Turanci, sa'an nan ya kasa su ƙarƙashin iyayensu, kamar "vehicles", "animals", "traders", "craftsmen" da "crops". Wanda ya rasa inda zai sa wani abu, ya zo da shi farkon zango mu yi gardamarsa a aji, gama matambayi ba ya ɓata. Iyaye ma suna da abin yi ko da ba su ji Turanci ba. Ku tambayi yaro sunayen launukan dawaki da irin dawa da kayan saƙa da Hausa. Yaron da ya san akawal da kili da bidi ya riga ya gane cewa doki ba iri ɗaya ba ne, ba zai yi mamaki ba in Turanci ya zo masa da nasa rabe-raben.

Ga 'yan aji shida masu barinmu bana, muna yi muku fatan alheri. In kun zauna gaban takarda, kafin ku sa kalma ku tambayi kanku ko uwa ake nema ko ɗa. Allah ya ba da sa'a.